Yadda Ake Bi da Gargaɗin Ma'ajin da Aka Cika Ba a Karanta Ba

Tun fitowar siga ta 4.6 ta GCC, manhajar harhaɗawa (compiler), a shekarar 2011, mai harhaɗa manhajar C ko C++ da zaɓin -Wall yana iya cin karo da gargaɗin -Wunused-but-set-variable, wanda ke nuna cewa an zuba ƙima a wani ma'aji (variable), amma babu inda aka koma aka karanta ta. Clang ma, takwaran GCC, ya bi sahu a siga ta 13, a 2021.

Kada ka yi gaggawar goge layin. Fara da tambayar dalilin da ya sa aka ajiye ƙimar, domin sau da yawa gargaɗin yana tona kuskure na gaske. Ɗauki layi kamar ret = write(fd, buf, n); wanda ke rubuta bayanai ya ajiye adadin da ya rubuta a ret. Idan babu inda aka duba ret, to ko da faifai ya cika ko rubutun ya tsaya a rabi, manhajar za ta ci gaba da aiki kamar komai lafiya lau, mai amfani da ita kuma ya yi asarar bayanansa bai sani ba. Maganin nan shi ne a duba ko an dawo da -1, sannan a kwatanta adadin da aka rubuta da wanda aka nema. A ganina wannan kaɗai ya isa dalilin barin gargaɗin a kunne.

Idan ka tabbatar ma'ajin ragowar tsohon aiki ne, cire shi, amma ka bar kiran da ke hannun dama matuƙar yana yin wani abu na kansa. Masu rubuta manhajar ƙananan na'urori su yi hattara sosai, domin a wasu na'urorin karanta rajista kawai yana share alamar da ke cikinta.

Wani lokaci kuwa ma'ajin yana da amfani, sai dai assert, umarnin da ke tabbatar da cikar wani sharaɗi, ne kaɗai ke karanta shi, shi kuma assert yana ɓacewa da zarar an ayyana NDEBUG, alamar da ke kashe shi. A nan ne ya halatta a rufe bakin gargaɗin da [[maybe_unused]], wanda ya shigo C++17 da C23, ko kuma da (void)ret; a tsofaffin sigogi, tare da ɗan bayanin dalili a gefe.

Bayan ka share su duka, ƙara -Werror=unused-but-set-variable, domin duk wanda ya sake shigo da irinsa harhaɗawar ta tsaya masa nan take.