Kurakuran da Ake Yi Wajen Binciken Harsunan Firogiramin

Kuskuren da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne mai bincike ya kwaso bayanai jingim, ya hau lissafi a kansu bai buɗe ko fayil ɗaya ya duba ba. A 2014 Baishakhi Ray da abokan aikinta na Jami'ar Kalifoniya da ke Davis sun binciki ayyuka 729 na GitHub, shafin intanet da masu rubuta manhaja ke ajiye ayyukansu, cikin harsunan rubuta manhaja 17, suka ce wasu harsunan sun fi wasu jawo kurakurai a manhaja. Maganar ta bazu ko'ina. Da Emery Berger da Jan Vitek da wasu suka bi sawun aikin a 2019, sai suka tarar fayiloli da yawa da aka ƙirga a matsayin na harshen TypeScript na fassarar rubutu ne, ƙarshen sunansu kawai ya zo ɗaya, wato ".ts". An kuma riƙa gane gyaran kuskure ta hanyar laluben kalmomi irin "fix", wato gyara, a bayanin gyaran, alhali ba kowane ne na kuskure ba. Bayan tankaɗe da rairaya, cikin harsuna 11 da aka ce an ga alaƙarsu da kurakurai, 4 suka rage, su ma tasirin kaɗan ne.

Maganin ba shi da tsada, haƙuri yake so. Tsamo samfuri ɗari ko ɗari biyu ta hanyar ƙuri'a, ka karanta su da idonka, ka faɗi nawa ne na'urarka ta yi wa gurguwar fahimta. Ka kuma cire maimaici tun farko, domin binciken Cristina Lopes da abokanta na 2017 ya nuna kusan kashi 70 cikin ɗari na fayilolin da suka duba a GitHub kwafin wasu ne.

Sai gwajin gudu. Ɗalibi zai kunna firogiram sau ɗaya a kwamfutarsa, ya rubuta cewa wannan harshe ya fi wancan sauri. Firogiram na harsunan Java da JavaScript suna gyara kansu ne don ƙara sauri a yayin da suke aiki, don haka daƙiƙun farko ba su nuna ainihin gudunsu. Todd Mytkowicz da abokansa ma sun nuna a 2009 cewa sauya jerin da aka haɗa fayiloli kaɗai na iya juya sakamako. A maimaita gwajin sau da yawa, a sassauya yanayin, a kawo tazarar da ke tsakanin sakamakon, kada a tsinci mafi kyau a ɓoye saura.

Idan da mutane kake gwaji, ka tuna hannu ya bambanta. Lutz Prechelt ya kwatanta firogiram 80 na aiki iri ɗaya cikin harsuna 7 a shekarar 2000, ya ga sau da yawa bambancin da ke tsakanin masu rubutun ya kai ko ya zarce na harsunan. In ɗaliban aji ka ba aikin awa biyu, rubuta hakan ƙarara a rahotonka, kada ka ɗora hukuncin a kan ƙwararrun da suka shekara goma suna riƙe da manhaja ɗaya.