Yadda Za Ka Adana Bayanai a Faifai Su Daɗe

Faifan CD-R da DVD-R suna riƙe bayanai ne a wani siririn rini da leza ke ƙonawa. Rana, zafi da danshi na cin wannan rini a hankali, har faifan ya ƙi karantuwa. Don dogon ajiya, sayi faifan Blu-ray, wato BD-R, nau'in HTL mai ɗaukar 25 GB, ko faifan da ake kira M-DISC, domin ba su da rinin.

Rage saurin kwafa zuwa 4x, ka bar manhajar ta tantance abin da ta rubuta. Yi kwafi biyu, ka raba musu wuri, kowanne a tsaye cikin gidansa, nesa da taga. Kada ka rubuta a saman CD da biro, bayanan na dab da wurin, karce kaɗan ya isa ya lalata su. Riƙa gwada su duk shekara.