Yadda ake kiwon kurungu mai ɗigo-ɗigo a tankin gilashi

Masu yawan tambayata, ga matakan:

1. Nemi tanki mai cin lita 100 ko fiye.
2. Shimfiɗa yashi mai laushi, tsakuwa na cinye masa gashin baki.
3. Kifa fasasshen tulu a ciki, kurungu na son ɓuya da rana.
4. Zuba ruwan rijiya. Na famfo sai ya kwana a buɗe.
5. Ɗauko kifin da roba. Hattara: ƙayarsa na maƙalewa a raga, kuma sukarta da zafi.
6. Ba shi tana kaɗan bayan magariba.
7. Canja kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan duk mako, kada ka juye duka.
8. Lokacin hunturu, matsar da tankin daga taga.