Shafi ya buɗe amma gyara ba ya fitowa: kurakuran adireshin soket

Ranar Asabar ƙanena da ke karatu a Harobanda ya same ni a fadarmu ta Yantala da kwamfuta a hammata. "Yaya, shafin yana buɗewa a salulata, amma in na canja rubutu ba ya motsi sai na sake loda shi da hannu." Kafin shayin farko ya nuna mun gano matsalar: ya kwafo wani saiti da ke tilasta wa burauza ta kira ws://localhost:8080/ws. Na ga irin wannan sau da yawa a wurin matasan Yamai masu koyon gina shafuka, kuma yana cin kwana da forfe a banza.

Kayan aiki irin su Vite da webpack-dev-server, masu tashin sabar gwaji a kwamfutarka yayin da kake gina shafi, suna cusa ɗan lamba, wato code, a cikin shafinka. Shi ke buɗe layi mai ɗorewa zuwa sabar, ta yadda kana adana fayil za ta sanar da burauza. Wannan layi shi ne WebSocket, soket a taƙaice, wanda aka tsayar da ƙa'idarsa a Disamban 2011. Adireshinsa kashi huɗu ne: tsari, wato ws ko wss mai kariya, sunan na'ura, lambar ƙofa, sai hanya. Abin da aka fi mantawa shi ne burauza ce mai kira. Saboda haka adireshin dole ya zama wanda za a iya kaiwa daga inda take tsaye.

Kuskuren ƙanena shi ne mafi yawa. Ma'anar localhost, ko 127.0.0.1, ita ce "gidan nan da nake ciki". A kwamfutarka kwamfutarka ce, a salula kuwa salular ce, kuma babu sabar a can. Ka tashi Vite da --host domin ya saurari sauran na'urori, sannan ka goge sunan da ka rubuta da hannu. Kada ka maye gurbinsa da 192.168 da sauran lambobin da ka gani yau. Mu da muke raba intanet daga salula, ko akwatin wifi ya mutu ya tashi in wuta ta ɗauke, gobe wata lamba za a ba ka. Akwai kuma wani tarko: tun Node 17 na 2021 (Node shi ne manhajar da waɗannan kayan aiki ke gudana a kanta), localhost kan iya komawa ::1 na sabon tsarin adireshi IPv6, alhali sabar tana jira a 127.0.0.1. In ka ga an ƙi karɓar kira a kan na'ura ɗaya, rubuta 127.0.0.1 a ɓangarorin biyu.

Wasu kuma suna ganin 0.0.0.0 a saiti su ɗauka adireshi ne. Umarni ne ga sabar ta saurari kowace hanya, ba wurin da ake kira ba. Wurin da yake da wata ma'ana shi ne client.webSocketURL na webpack: in ka sa auto://0.0.0.0:0/ws, kana nufin a ɗauko tsari da suna da ƙofa daga abin da ke saman burauza. Wannan saitin nake ba kowa shawara.

Ƙofa ce ta fi wahalar da mutane, don sau da yawa biyu ce, ta ciki da ta waje. Vite yana zama a 5173, webpack a 8080. In ka sa aikin cikin Docker, manhajar da ke killace aiki a akwatinsa, da -p 8000:5173, burauza 8000 ta sani. In Nginx, sabar da ke karɓar kira ta miƙa wa taka, ke gaba da takardar tsaro ta https, 443 ta sani. Duk saitin da ya aika mata da ƙofar ciki ya tura ta ɗakin da ba ya da hanya daga titi. A Vite, server.hmr.clientPort shi ne wurin faɗin ƙofar waje. A tsohon Create React App kuwa WDS_SOCKET_PORT. Ka kuma lura, in 5173 a kame take, Vite zai wuce 5174 da kansa, alhali Nginx ɗinka na can yana jira a tsohuwar. Sa strictPort, gara ya tsaya ya faɗa maka.

Masu haɗa adireshi da hannu suna da nasu tuntuɓen. location.port fanko ne a kan 80 da 443, sai a wayi gari da adireshi mai ɗigo biyu babu lamba. location.hostname kuma ba ya ɗauke da ƙofa, location.host ne yake da ita. Haɗa wannan da dokar cewa shafin https ba ya yarda da ws mara kariya, sai ka samu layi biyu da suka wadatar:

const tsari = location.protocol === 'https:' ? 'wss:' : 'ws:';
const soket = new WebSocket(tsari + '//' + location.host + '/ws');

Hanyar ƙarshen ma a duba ta. webpack-dev-server na 3 yana amfani da /sockjs-node, na 4 ya koma /ws, kuma tsofaffin darussa sun cika intanet.

Wani lokaci adireshin daidai yake, mai gadi ne bai bari an wuce ba. Soket yana farawa a matsayin buƙatar HTTP da ke neman sauya tsari, sabar ta amsa da 101. Nginx ba ya miƙa wannan roƙo sai ka rubuta proxy_http_version 1.1 tare da kanun Upgrade da Connection. In layin ya yi shiru daƙiƙa 60 zai yanke shi, sai ka ƙara proxy_read_timeout. Idan kuma aka ce ba a yarda da sunan na'urar ba, saka sunan shi kaɗai a allowedHosts. Ina roƙon ƴan'uwa kada su buɗe wa kowa, musamman a wifi da ake rabawa, don lambar aikinka ce a fili.

Kafin ka taɓa kowane saiti, danna F12, shiga sashen Network, zaɓi WS, ka karanta adireshin da burauza ta kira harafi bayan harafi, ka kwatanta da na saman shafin. Haka muka yi da ƙanena. Ya goge layi ɗaya, 101 ta fito, ya canja launin take, salular da ke kan tabarma ta canja nan take.