Darasi na 7: Gwajin Shan Ruwan Sukari ga Matasa Masu Ƙiba

A da, ciwon sukari na dattawa ne a wurinmu. Yanzu kuwa har 'yan shekara 15 yana kamawa, musamman masu ƙiba. Daga Tudun Wada har Kawo, in yaro ya yi jiki sai a ce hutu ne. Amma kitsen da ya taru a ciki yana hana insulin aikinsa.

Insulin sinadari ne da wata gaɓa da ke bayan tumbi, mai suna fankiriyas, take fitarwa. In mun ci tuwo ko shinkafa, abincin yakan narke ya zama sukari a jini. Insulin shi ne mai yin sallama a ƙofar tsoka, ta buɗe sukari ya shiga. A jikin mai ƙiba sallama ɗaya ba ta isa, sai an yi ta ɗaga murya. Fankiriyas ta yi ta ƙaro insulin shekara da shekaru har ta gaji, sukari ya taru a jini. Lokacin balaga abin ya fi tsanani, kuma ciwon ya fi saurin cin matashi fiye da babba.

Iyaye, ku duba bayan wuyan yaranku da hammatarsu. In fatar ta yi baƙi, ta yi kauri da laushi, ba lallai dauɗa ba ce. Sau da yawa uwa takan dirje wurin da soso da sabulu, tana faɗa, baƙin yana nan daram. Alama ce ta cewa jiki ba ya jin insulin. Asibiti ya kamata a nufa, kamar Asibitin Koyarwa na Barau Dikko da ke Kaduna, likita ya duba.

Gwajin shan ruwan sukari yana nuna yadda jiki yake sarrafa sukari. Ga yadda gwajin yake. Kwana 3 kafin ranar, yaro ya ci abincinsa yadda ya saba. Kada a rage masa don sakamako ya yi kyau. Daren gwaji ya kwana bai ci komai ba, aƙalla awa 8, sai ruwa zalla. Da safe a ɗebi jini, sannan a ba shi gulukos, wato wani irin sukari, giram 75 a kofin ruwa, ya shanye cikin minti 5. Ƙaramin yaro gwargwadon nauyinsa ake auna masa. Zaƙin yakan tayar da zuciya. In ya yi amai a faɗa wa ma'aikaci. Sai ya zauna wuri ɗaya, ba yawo, ba ci, har awa 2, a sake ɗibar jini.

Lambar jini na biyu ita za a duba da kyau. Ƙasa da 140 lafiya lau. In ta kai 200, ciwon sukari ne, likita zai tabbatar. Wasu takardun da wani ma'auni suke zuwa, inda 140 take 7.8, 200 kuma 11.1.

Tsakanin 140 da 199 ne wurin da ba na so ku raina. Ciwon bai kama ba tukuna, kuma gwajin safe shi kaɗai yana iya nuna ba komai. A nan rage lemon kwalba, da zoɓo mai sukari, da shayi mai kauri, tare da ƙwallo ko tafiyar ƙafa kullum, suna iya mayar da lambar baya.

Aikin gida: rubuta duk abin zaƙin da yaranka suka sha jiya, daga safe zuwa dare, ka kawo aji mu karanta tare.