Kafin Ka Ɗaure Zobban Sandar Fatsa

'Yan uwa masu zuwa fatsa madatsar ruwan Weija da ke Accra, kada ku yi saurin ɗaure zobban da igiyar fatsa ke bi ta cikinsu da zare ku shafa gam. Ku fara liƙa su da salatif. A sanda mai ƙafa 7, zobba 7 zuwa 8 sun isa, ban da na baki. Na farko kamar santimita 10 daga baki, tazarar tana ƙaruwa zuwa gindi.

Sannan ku zura igiya, ku rataya kwalbar ruwa, ku ɗaga har sandar ta lanƙwasa. Inda igiya ta gogi sanda ko ta yi kwana mai kaifi, matso da zoben. Ni ma gaggawa ta taɓa karya min wata sanda a Jamestown, bakin tekun Accra, lokacin da kifi ke ja.