Yadda za ka haɗa tetrahaidrokabazol a filas ɗaya, sannan ka mayar da shi kabazol

In kana son ɗaura wani zobe a jikin indol (sinadari mai zobe biyu manne da juna, ɗaya na ɗauke da naitirojin) ba tare da ɓata kwanaki a lab ba, hanyar da Emil Fischer ya gano a 1883 har yau ita ce mai sauƙi. Dabarar kawai ka ɗauko keton da shi kansa zobe ne, wato saikulohekzanon, sai indol ɗin ya fito da zobe na uku manne da shi, shi ne tetrahaidrokabazol.

Zuba giram 9.8 na saikulohekzanon cikin asid ɗin asetik wajen mililita 35, ɗaura kwandensa (bututun da ke sanyaya tururi ya komo cikin filas) ka kunna wuta ya fara tafasa. Sannan ka kawo giram 10.8 na fenilhaidrazin ka riƙa ɗiga shi kaɗan-kaɗan, kar ka juye gaba ɗaya don Allah, abin na fidda zafi da kansa, sai ka ga ya taso yana neman bin kwandensa. Kuma duba kwalbar fenilhaidrazin ɗin tukuna, in ya koma ja-ja mai duhu to iska ta ɓata shi, kayanka ma haka zai fito da datti. Safar hannu da akwatin zuƙe hayaƙi dole ne, fenilhaidrazin yana ratsa fata kuma yana fasa jajayen ƙwayoyin jini.

Wasu sai sun tsaya ware haidrazon tukuna, wato abin da ke fara samuwa in keton ya haɗu da fenilhaidrazin, ni dai ban ga amfanin wahalar ba, asid ɗin ne ke yin komai a wuri ɗaya: haidrazon ya samu, haɗin naitirojin biyun da ke jikinsa ya tsinke, zobe ya rufe, amoniya ta fita. Bar shi ya ƙara tafasa awa ɗaya.

Yanzu inda ake kuskure. Ka juye a bika kana juyawa har ya huce, in ka barshi tsaye zai dunƙule kamar dutse ka rasa yadda za ka tace. Tace, wanke da ruwa, sake narkarwa a metanol mai zafi ya fito da ƙyalli. Lissafi ya ce giram 17.1, in ka samu 13 ko 14 ka yi ƙoƙari, yana narkewa wajen digiri 116 zuwa 118.

Zoben na uku bai zama aromatik ba tukuna, wato irin zoben benzin, saura cire haidrojin huɗu kafin ya zama kabazol. DDQ, wani sinadarin cire haidrojin, na yi, ko faladiyam a kan gawayi da zafi sosai. Kabazol na narkewa wajen digiri 246, da ka auna za ka san ko ya juya.